Ofishin lauyar da ta tsaya wa 'ya'yan ƙanwata: abin da na yaba da abin da ban ji daɗinsa ba

Mata da yawa sun tambaye ni, wasu a makarantar da nake koyarwa, wasu a gidan suna ko gidan biki, ko lauyar da ta tsaya wa ƙanwata ta ci kuɗin da muka biya ta. Amsata e ce, ta ci halak ɗinta. Amma akwai abubuwan da ya kamata mace ta sani kafin ta hau benen nan, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, haka ma sunan Baristar da kotun da aka yi shari'ar, domin magana ce ta yara uku waɗanda wata rana za su girma su iya karatu. Ƙaramin ofishi ne a cikin Kano, a saman wani shagon magani. Mai shi mace ce da ta daɗe tana shari'ar aure da gado, tana da lauyoyi biyu matasa a ƙarƙashinta da akawu ɗaya.

Ga yadda lamarin yake a taƙaice. Ƙanwata ta shekara 11 da mijinta, ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Suna da namiji ɗan shekara 9, da mace 'yar shekara 6, sai autar da take kan nono a lokacin. Zaman ya lalace, ya daina shiga ɗakinta, ya rage cefane, zagi ya zama abin kullum, har duka ya shigo. Duk lokacin da ta ce ya sauwaƙe mata sai ya ce shi ba ya saki, in ta gaji ta fanshi kanta. A ƙarshen 2023 aka zauna a zauren baffansa aka rubuta takardar hul'i: za ta mayar da sadaki, kuma ta ɗauke masa ci da sha da suturar yaran, ba za ta sake neman komai a wurinsa ba. Ta sa hannu tana kuka, kawunmu ya sa hannu a matsayin shaida. Da aka kwana biyu nauyi ya fi ƙarfinta, aka aika masa ya taimaka da kuɗin makaranta, sai ya aiko da hoton takardar, ya ƙara da cewa jarinsa ma ya karye, shagon na ƙanensa ne, gidan hayar da yake da shi kuma ya sayar wa ƙanen nasa.

A wannan halin muka je ofishin. Ana biyan naira 20,000 kuɗin ganin Barista, kuma zan ce ko da a nan mutum ya tsaya bai yi asara ba. Ta karanta takardar a nutse, ta sa ƙanwata ta ba da labari da bakinta, ni da na fara tsoma baki ta ce, “Yaya, ki bari ta faɗa, ita za ta tsaya gaban alƙali.” Sai ta ɗauki farar takarda ta ja layi ta raba ta biyu. A gefe ɗaya ta rubuta abin da yake haƙƙin uwa, a ɗaya gefen abin da yake haƙƙin yara. Ta ce mafi yawan matan da ke zuwa wurinta sun cakuɗa biyun, su ma mazan da gangan suke cakuɗa su, domin mace da ta gaji da aure tana iya yafe komai don ta samu ta fita. Tun daga ranar har aka gama shari'a ba ta taɓa barin layin nan ya goge ba, kuma wannan shi ne babban abin da nake yaba wa ofishin.

Abin da ya fara sa na yarda da ita shi ne ba ta gaya mana abin da muke son ji ba. Ni na je da tunanin za ta ce takardar zaure ba ta da wani amfani, a yaga ta. Ba haka ta ce ba. Ta yi mana bayani cewa kotunan shari'ar Musulunci a nan da mazhabar Malikiyya suke aiki, littattafan da alƙalai suka fi buɗewa su ne Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa, kuma a cikinsu an yarda mace ta yi hul'i a kan ta ɗauki nauyin jaririnta tsawon shayarwa, har ma malamai sun yi aiki da halaccin ta ɗauki nauyin ciyarwa na wani ƙayyadadden lokaci bayan yaye. Saboda haka alƙali ba zai yi watsi da takardar kawai don an rubuta ta a zaure ba. Amma ta ce akwai ƙofa biyu. Ta farko, yaro ba ya kwana da yunwa saboda yarjejeniyar da bai san an yi ba: in uwa ta kasa, ciyarwa tana komawa kan uba, in ya so ya bi ta bashi ranar da ta samu. Ta biyu, wadda ta fi ƙarfi, in aka tabbatar cewa cutarwa ce ta tura mace ta fanshi kanta, to sakin yana nan daram, amma abin da ta bayar sai a dawo mata da shi. Ta karanto mana aya ta 19 a Suratun Nisa'i, inda aka hana maza su ƙuntata wa matansu don su tafi da wani abu daga abin da suka ba su.

Ta kuma cire mana wani dogon buri. Ƙanwata ta ji a wurin ƙawayenta cewa in aka je kotu ana raba dukiyar miji a ba matar rabi, ko a yanka mata albashi har ta mutu. Barista ta ce wannan ba tsarin auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida ba ne. Dokar tarayya ta 1970 da ta ba babbar kotu ikon yanka wa mata ko miji kuɗin kulawa da kuma rabon kadara, a sashe na 70 da na 72, ta shafi auren rajista ne kawai, ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba. A namu tsarin, wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu tana da ci da wurin zama har ta gama idda. Wadda aurenta ya yanke, kamar ta hul'i, tana da wurin zama, ciyarwa kuwa sai in tana da ciki. Tana da ladan shayarwa in tana shayar da ɗansa, kamar yadda ya zo a aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ. Kyautar sallama da ake kira mutu'a kuwa a Malikiyya abin so ne, ba a tilasta wa miji. Na ga fuskar ƙanwata ta sauya da ta ji haka, amma gara ta ji a ofis da ta ji a gaban alƙali bayan ta kashe kuɗi.

Haƙƙin yara kuwa, a nan ne Barista ta zauna sosai, ni ma a nan zan daɗe. Uba shi ke da nauyin ci da sha da sutura da wurin kwana na ɗansa namiji har ya balaga ya iya nema, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare. Ko uwa tana da albashi, wannan nauyin bai koma kanta ba. Ana auna shi ne da ƙarfin uban, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Riƙo kuma na uwa ne. Tsohon mijin ya sha aikowa da barazanar cewa namijin ya wuce shekara 7, zai zo ya ɗauke abinsa, kuma mu duka a gida mun ɗauka haka doka take, don haka muka tashi muna ji. Ashe a Malikiyya uwa tana riƙe namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta yi wani aure da wanda ba muharramin yaran ba, riƙon yana fara komawa wurin kakarsu ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. Uba yana nan a matsayin waliyyi, yana da bakin magana a kan tarbiyya da karatu, yana ganin 'ya'yansa, ba mai hana shi. Ranar da Hajiyarmu ta ji wannan bayanin ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba, domin tsoron a raba ta da jikokinta ya fi damunta a kan maganar kuɗi.

Akwai wata ƙa'ida da nake roƙon duk matar da ke karanta wannan ta riƙe, don ita ce ta fi cin mata da yawa. Kuɗin ciyar da yara na watannin da suka wuce ba ya taruwa ya zama bashi haka kawai. Yana faɗuwa da wucewar lokaci, sai dai in alƙali ya riga ya yanka shi, ko kuma wanda ya ciyar ɗin ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. Ma'ana, duk watan da mace ta zauna tana kawaici tana jiran uban yara ya ji kunya, wata ne da wataƙila ba za ta sake ganin kuɗinsa ba. Barista ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya da wace niyya muka kashe abin da muka kashe. Ni na biya kuɗin makarantar manyan biyu, na ajiye rasit, kuma tun lokacin na aika masa saƙo cewa rance ne. Hajiya kuwa da aka tambaye ta hatsi da man da take aunawa, ta ce ita don Allah ta yi, jikokinta ne. Barista ta ce, “To Hajiya, naki ba za mu sa shi a ƙara ba, ladanki yana wurin Allah.” Ba ta ko gwada koya mata wata magana ba, alhali da ta so, kalma ɗaya ce za ta canza. Na riƙe mata wannan.

Sai maganar yaudara, wato ikirarinsa na karyewar jari. A nan na ga aikin da ba zan iya yi da kaina ba ko da na san doka. Abu na farko da ta yi shi ne ta hana mu kiran sa macuci ko ɗan damfara a bainar jama'a, ta kuma hana ƙanenmu rubuta komai a Facebook. Ta ce zamba kalma ce mai nauyi, wanda ya jefa ta shi zai kawo hujja, in ya kasa kuma ana iya juyowa a kai shi ƙara kan ɓata suna. Ƙa'idar kotun Musulunci sananniya ce: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. In muka je hannu rabbana, zai ɗauki Alƙur'ani ya rantse ba shi da komai, magana ta ƙare.

Ɗaya daga cikin matasan lauyoyin aka ɗora wa binciken, yaro mai haƙuri da naci. Ya duba rajistar sunan shagon a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, ya tarar har lokacin sunan tsohon mijin ne a matsayin mai shi. Ya bi takardun gidan a ofishin filaye, ba a canza suna ba, ba a ma nemi amincewar gwamna ba, wadda dokar filaye ta 1978 ta shar'anta kafin a mayar da gida mai shaidar mallaka zuwa hannun wani. Barista ta ce wannan shi kaɗai bai isa ba, domin mutane da yawa a Kano suna cinikin gida da takardar hannu da shaidar mai unguwa, su shekara ba su canza suna ba. Abin da ya fi amfani daga wurin 'yan haya ya fito. Biyu daga cikinsu suka yarda suka nuna rasit da saƙon banki: wata da watanni bayan ranar da aka ce an sayar da gidan, asusun tsohon mijin suke tura kuɗi, shi ne kuma yake sa hannu, shi ya turo mai gyaran famfo da rijiyar ta lalace. A kotu da aka tambayi ƙanen nasa nawa ya sayi gidan, kuma ta wace hanya ya biya, abin da ya faɗa bai yi daidai da abin da ke cikin takardar cinikin ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A cikin wannan shekarar kuma da yake cewa ba shi da na kuɗin makaranta ya yi sabon aure, unguwa duka ta ga akwatunan lefe.

Wata dabara da ta burge ni ita ce ba ta nemi kotu ta rushe cinikin gidan ba. Ni na so a yi hakan, raina ya ɓaci matuƙa. Ta ce rigimar mallakar gida mai shaidar gwamna hurumin babbar kotun jiha ne, in muka buɗe wannan za mu shekara muna hawa da sauka, yara kuma ba za su ci takarda ba. Abin da muke buƙata kawai alƙali ya gamsu cewa mutumin nan mai hali ne, sai ya yanka ciyarwa daidai da halinsa. Haka kuma ta ƙi yarda a kai maganar wurin 'yan sanda. Ta ce uban da ke tsare ba ya buɗe shago, kuma yaran nan sunansa suke amsawa.

Cutarwar da aka yi wa ƙanwata ma ba ta yi wuyar tabbatarwa kamar yadda muka zata ba. Mun ɗauka sai an kawo wanda ya ga duka da idonsa, alhali abin a ɗaki yake faruwa. Ashe a wannan babin ana karɓar shaidar ji, wato mutanen kirki su shaida cewa magana ta bazu a unguwa, sun daɗe suna ji daga bakin jama'a cewa wane yana cutar da matarsa. Maƙwabta biyu dattawa suka zo, matar ɗayansu ma ita ta taɓa ɓoye ƙanwata a ɗakinta da dare. Akwai kuma katin asibiti na ranar da hannunta ya goce. Kawunmu da ya sa hannu a takardar zaure ya tsaya ya ce, “Allah ya gafarta Malam, na sa hannu ne don in raba ta da wahala, ba don na ga adalci a ciki ba.” Barista ta zauna da kowane shaida kafin ranar, ta gaya masa irin tambayoyin da zai fuskanta, ta ce abin da bai sani ba ya ce bai sani ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a aikinta ya shafi babban yaron. Shi yana zuwa shagon babansa ranar Asabar, ya san wane ne ke riƙe makulli, ya san wa yaran shago ke kira maigida. Ƙanenmu ya kawo shawarar a sa shi ya faɗa a kotu. Barista ta ajiye bironta ta ce in dai ita ce lauya a wannan shari'a, ba za a tsayar da yaro ɗan shekara 9 ya tona ubansa ba, ko da hakan zai sa mu rasa hujja. Ta ce shari'ar za ta ƙare, amma shi yaron zai rayu da abin da ya faɗa, kuma ranar aurensa wannan uban zai nema. Ta tuna mana cewa dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 da maslahar yaro ta fara tun a sashenta na farko, ita ma Kano ta samu tata dokar kare yara a 2023, kuma tun kafin su fiƙihu ya gina riƙo ne a kan abin da ya fi wa yaro. Ko sau ɗaya yaran ba su taka harabar kotu ba, in ban da autar da ke goye. Ta kuma ja kunnen ƙanwata kada ta hana su zuwa gidan ubansu da Sallah, kada kuma ta zage shi a gabansu.

Bayan alƙali ya yi izari, wato ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran magana ko hujja, ya yanke hukunci: saki ya tabbata, a mayar wa ƙanwata sadakinta, sharaɗin ɗauke ciyarwa ya faɗi, riƙo yana hannunta. Ya yanka naira 30,000 a wata ga kowane yaro, ban da kuɗin makaranta da magani da kayan Sallah da wani kaso na kuɗin haya, ya kuma ce a biya ni abin da na kashe na makaranta. Tsohon mijin bai ɗaukaka ƙara ba, ko da yake yana da hanya, daga babbar kotun shari'a har zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da saki da riƙon yara.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne.

Na farko kuɗi. An ce mana aikin duka naira 350,000 ne, a biya kashi uku, muka amince. Ba a gaya mana a ranar ba cewa kowane zaman kotu akwai naira 10,000 ta mota, binciken CAC da na filaye kuma kuɗinsu daban, haka kai sammaci da karɓar kwafin hukunci. Ba a rubuta mana yarjejeniya ba sai da na nace. Ba na zargin an ci mana ko kwabo, duk abin da muka biya an ba mu rasit, amma matar da ta sayar da ɗan kunnenta ta kawo kuɗin lauya tana buƙatar ta san jimillar tun farko, don ta san ko za ta iya kaiwa ƙarshe. Ofishin da ya san yawancin masu zuwa wurinsa zawarawa ne marasa ƙarfi bai kamata ya bar wannan a duhu ba.

Na biyu samun Barista a waya. In kina gabanta, hankalinta duka naki ne. In kin fita, sai Allah. Akawun yana ɗauka ya ce tana kotu, za ta kira, kiran ba ya zuwa. Akwai zaman da aka ɗage, su sun sani tun jajibiri, ba wanda ya sanar da mu, ƙanwata ta goyo yarinya ta biya kuɗin adaidaita sahu ta je ta zauna a benci har azahar. Akwai kuma ranar da aka turo ɗayan matashin lauyan, ba wanda ya yi binciken ba, ya zo bai karanta fayil ba, har ya rikita sunayen yaran a gaban alƙali. Da na yi ƙorafi Barista ta ba da haƙuri, ba a sake turo shi ba, amma zaman ranar ya tafi a banza. Wasiƙun da suke rubutawa kuma duk da Turanci ne, ni nake fassara wa ƙanwata da Hajiya. A ofishin da kowa yake jin Hausa, ban ga abin da zai hana a haɗa da taƙaitaccen bayani da Hausa ba. Benen ma yana da tsayi, babu inda mai shayarwa za ta keɓe, banɗakin kuma a kulle yake sai an nemo makulli.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne abin da ke biyo bayan hukunci. Samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Wata biyu na farko ya biya a kan lokaci, daga nan ya fara jinkiri, wani watan ya kawo rabi. Da muka koma ofis aka ce bin hukunci sabon aiki ne, da nasa kuɗin. Na fahimci lauya ba zai yi ta aiki kyauta har yara su girma ba, amma da an faɗa mana tun ranar farko. Zan yaba mata a kan abu ɗaya a nan: ita ta roƙi kotu tun farko a riƙa biya ta hannun magatakardan kotu ana rubutawa, ba hannu da hannu ba, don haka duk watan da ya tsallake a rubuce yake, babu musu. Ta kuma koya wa ƙanwata yadda za ta je da kanta ta nemi a yi masa sammaci in ya makara, ba sai da lauya ba, kuma yanzu haka take yi. Sannan tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta sa adadin da aka yanka yana raguwa a hannu kullum. Barista ta ce ana iya komawa a nemi ƙari in farashi ya tashi ko buƙatun yara suka ƙaru, da ta sa hakan a rubuce cikin abin da muka roƙa tun farko da ya fi mana sauƙi.

To wa zan ce ta je, wa zan ce kada ta je? In uban yara ma'aikaci ne mai albashi sananne, bai musa komai ba, taurin kai ne kawai, ban ga dalilin kashe wannan kuɗin ba. Kotun shari'ar Musulunci ba ta shar'anta lauya ba, mace tana iya zuwa da waliyyinta ta yi bayani da Hausa a saurare ta. Hukumar Hisbah tana yin sulhu tsakanin ma'aurata da waɗanda suka rabu, akwai kuma zauren sasanci na babbar kotun jiha. Wadda ba ta da hali tana iya tuntuɓar ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko hukumar taimakon shari'a ta tarayya da aka fi sani da Legal Aid, ko ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, wadda ke karɓar ƙorafin uban da ya yi watsi da 'ya'yansa. Ita kanta Barista ta lissafa mana waɗannan a zaman farko, ta ce mu je mu yi shawara kafin mu biya ta.

Amma in akwai takardar da aka sa ki sa hannu cikin matsi, ko dukiyar da aka mayar sunan ƙane ko abokin kasuwa ana gobe za a shiga kotu, to wannan aikin mai bin takardu ne, kuma wannan ofishin ya iya shi. Ki tafi da takardar saki ko ta hul'i, da takardun haihuwar yara, da rasit na makaranta da na asibiti, da duk saƙon waya da ya taɓa turo miki a kan kuɗi, kada ki goge ko ɗaya. Ki rubuta sunayen maƙwabtan da suka san halin da kika zauna a ciki, ki fara neman yardarsu kafin a kira su. Kafin ki biya kashin farko, ki ce a rubuta miki jimillar kuɗi har da na zama da na bincike, a rubuta sunan lauyan da zai riƙa tsaya miki, a kuma faɗa miki nawa ne kuɗin bin hukunci in uban yara ya daina biya.